Bimbo Da Hanyar Berengo: Me Aka Tarar A Gidan Bokassa?

Wani mai karanta wannan shafi, ɗan kasuwa da ke sauke kaya a unguwar Kokoro ta Kilomita Biyar a Bangui, ya aiko mana da tambaya. Ya ce duk zuwan da yake yi tsakanin shago da masallaci da masauki yake ƙarewa, ga shi kuma kullum yana jin ana Bimbo, Bimbo, garin nan da ya manne wa babban birnin ta kudu maso yamma. Shin akwai abin da baƙo zai je gani a can? Sai ya ɗora da ta biyu: wai da gaske ne a wannan yankin aka tarar da naman mutane a firjin Bokassa, tsohon shugaban ƙasar?

Ta farkon ba ta da wuyar amsawa. Ta biyun ce za ta zaunar da mu.

Bimbo ita ce gari na biyu a yawan jama'a a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta sha gaban Berberati da Bambari. Ƙidayar 2003 ta same ta da mutum 124,176, bayan shekara goma kuma aka ƙiyasta sun haura 260,000. Ba wata masana'anta ce ta jawo su ba. Fili ya yi tsada a Bangui, a Bimbo kuwa talaka na iya yankar ɗan fuloti ya buga bulo ya ɗora kwano. Kowane yaƙi aka yi a ƙauyuka sai ya koro mutane zuwa gefen birni, mafi yawansu kuma ba su koma ba. Da ita ce hedikwatar lardin Ombella-Mpoko, amma a ƙarshen 2020 aka yi dokar da ta haɗe ta da Bangui da Begoua a lardi guda, aka mayar da hedikwatar Boali. Doka dai ta tarar da abin da ya riga ya faru ne, domin wanda ya hau ɗan acaɓa daga Kilomita Biyar ba zai iya nuna inda Bangui ta ƙare Bimbo ta fara ba.

Abin kallonta ruwa ne. A nan kogin Mpoko yake zubawa cikin Ubangi, tsallaken kuma ƙasar Kwango ce. Da sassafe za ka ga samari a dogayen kwale-kwale na itace guda, suna nutsewa da bokiti suna ɗebo yashi daga ƙasan kogi, su cika jirgin har ruwa ya kusa taɓa bakinsa, sannan su tuƙo a hankali zuwa gaɓa inda motocin magina ke jira. Da wannan yashin ake gina garin. A bakin gaɓar mata na gasa giwan ruwa, wasu su naɗe kifin a ganye su turara, a ci da gozo, wato tuwon rogo, da miyar ganyen koko da ake yanka shi siriri kamar zare. Idan damina ta yi nisa, daro-daro na tsutsar daji da suke kira makongo ke shigowa daga Lobaye, masu ci suna rububi. Akwai kamfanin giya na Mocaf, wanda ba na mutanenmu ba ne. Akwai babbar makarantar horar da limaman Katolika ta Saint-Marc, da gidan ibada na Carmel mai faɗin gona da itatuwa. Sai gadar Mpoko a PK9, inda shingen jami'an tsaro yake, daga nan kuma hanya ta miƙe cikin kurmi zuwa Mbaiki, kilomita ɗari da 'yan kai, ƙasar mutanen Aka da UNESCO ta sanya waƙoƙinsu cikin kayan gadon duniya. Mai son ganin gangaren ruwan Boali kuwa ba ta nan zai bi ba, wannan hanyar arewa ce.

Masu son tarihi su sani cewa ta wannan ɓangaren Bangui ta soma. A ranar 26 ga Yunin 1889 ne Faransawa suka kafa sansaninsu na farko a ƙasa da duwatsun da ke tare jirage, ta wajen bakin Mpoko, suna tsere da mutanen Sarkin Beljiyam da suka kafa nasu a Zongo, tsallaken ruwa. Ba a jima ba aka matsar da sansanin sama, inda tsakiyar birnin yake yau. Daga can ake ƙirga kilomita, shi ya sa unguwar da Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da Mali suka mayar babbar kasuwar ƙasar ta samu sunan Kilomita Biyar.

To, wannan hanya ta Mbaiki ita ce hanyar Bokassa. A Bobangui aka haife shi ranar 22 ga Fabrairun 1921, ƙauyen da ya haifi Barthélemy Boganda, uban ƙasar. Yana ɗan shekara shida aka lakaɗa wa mahaifinsa duka har ya mutu a Mbaiki, saboda ya bijire wa aikin tilas na kamfanin Turawa mai tara roba. Bayan mako guda mahaifiyarsa ta kashe kanta. Marayan ya tashi a hannun 'yan mishan, ya shiga sojan Faransa a 1939, ya yi yaƙi a Indochina, ya kai muƙamin kyaftin. A daren shiga 1966 ya hamɓarar da shugaban ƙasa David Dacko. A 1972 ya zama shugaba na har abada, a 1974 ya ba kansa muƙamin marshal. Kusa da ƙauyensu ya gina fadar Berengo mai filin saukar jirgi da masana'antu, kilomita kusan 80 daga birni. A bakin kogi kuma, a ƙarshen Bangui ta wajen Bimbo, yana da wani gida da ake kira Kolongo. Duk ministan da aka kira Berengo, ta gadar Mpoko yake wucewa, kuma ba ya sanin ko da muƙaminsa zai dawo.

Kafin mu shiga Kolongo, akwai labarin da ya shafi Musulmin Kilomita Biyar kai tsaye, wanda matasa da yawa ba su sani ba. Bokassa ya taɓa musulunta. A Satumban 1976 ya je Libiya, ya dawo ya rushe gwamnati ya kafa majalisar juyin juya hali irin ta Gaddafi. A watan Oktoba Gaddafi da kansa ya sauka Bangui, Bokassa ya karɓi kalmar shahada, ya zama Salah Eddine Ahmed Bokassa. Wasu manyan gwamnati suka bi sahu, cikinsu har da Ange-Félix Patassé, wanda ya zama Mustapha. Abin da ke zuciyar bawa Allah ne masani, amma lissafin kwanaki a fili yake. Ranar 4 ga Disamban wannan shekarar ya ayyana ƙasar a matsayin daula, shi kuma sarkin sarakuna, ya koma Katolika, domin burinsa a naɗa shi kamar yadda aka naɗa Napoleon, kuma ba a yin wannan da sunan Salah Eddine. Musuluncin bai cika wata biyu ba. Masu cewa kuɗin Libiya ya bi, da bai ga abin da ya sa rai ba ya juya, ba su zalunce shi ba. Mustapha ma ya koma Ange-Félix, ya zama firaminista, daga baya ya mulki ƙasar daga 1993 zuwa 2003.

Naɗin ya zo ranar 4 ga Disamban 1977 a zauren wasanni na Bangui. Karagar mulkin siffar gaggafa ce mai buɗaɗɗun fukafukai, ta tagulla da aka shafe da zinariya, nauyinta kusan tan biyu. Daga Faransa aka ƙero kambin, daga Turai aka kawo dawakan da suka ja keken sarki, aka yi odar Marsandi sittin don ɗaukar baƙi. An kashe kimanin dala miliyan 20 a ƙasar da ma'aikata ke bin bashin albashi. Paparoma bai zo ba, babu kuma shugaban ƙasa ko ɗaya da ya halarta. Amma Faransa ta aiko ministanta Robert Galley, ta kuma ɗauki kaso mai tsoka na hidimar. A riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

Abin da ya kayar da shi bai kai karagar tsada ba: kayan makaranta. Aka wajabta wa ɗalibai sayen yunifom daga kamfanin da ke da alaƙa da gidan sarki, alhali iyayensu ba su ga albashi ba. Ranar 18 ga Janairun 1979 yara suka fito zanga-zanga, sojoji suka buɗe wuta. A watan Afrilu aka bi unguwanni ana kamen yara da matasa, aka cusa su a kurkukun Ngaragba, wasu suka mutu da duka, wasu saboda cunkoso da rashin iska. A watan Mayu ƙungiyar Amnesty ta sanar da duniya cewa yara kusan ɗari sun hallaka. Taron Faransa da ƙasashen Afirka da aka yi a Kigali ya tura kwamitin alƙalai daga Senegal da Kwaddibuwa da Laberiya da Ruwanda da Togo, ƙarƙashin Youssoupha Ndiaye na Senegal. A watan Agusta suka fitar da rahoto cewa da umarnin Bokassa aka yi kisan, kuma kusan tabbas da hannunsa a ciki. Alƙalan Afirka ne suka faɗi wannan, ba Turawa ba.

A daren 20 ga Satumba, yana Libiya neman kuɗi wurin mutumin da ya yi wa tubar muzuru shekara uku baya, sojojin Faransa suka sauka filin jirgin Bangui da David Dacko a cikin jirginsu. Gari ya waye babu daula. Jama'a suka afka wa gidajen sarki, aka buɗe ƙofofin Kolongo, 'yan jarida suka shiga.

Nan ne labarin ya rabu biyu.

Ɓangare na farko ya ce an tarar da gawawwakin mutane a ɗakin sanyi na gidan, an datse wasu sassa, an kuma tsamo ƙasusuwa daga tafkin kadojin da yake kiwo. Mujallar Paris Match ta buga hotuna. Daga nan magana ta yi fiffike: ba ci kawai yake yi ba, har baƙinsa yake ciyarwa ba su sani ba. Da aka zo shari'a, Dacko ya shaida cewa ya ga hotunan gawawwakin, wani tsohon kuku kuma ya tsaya gaban alƙali ya ce shi da hannunsa ya dafa wa sarki naman mutum. Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa kotu ba ta wanke shi don ya fita tsab ba. A dokar ƙasar cin naman gawa ƙaramin laifi ne, kuma an riga an yi afuwar ƙananan laifuka a 1981, saboda haka ko an tabbatar ba za a hukunta shi a kai ba.

Ɓangare na biyu ya ce shiri ne. Bokassa ya musanta har ya mutu, ya ce bai ma san kukun ba. Magoya bayansa suka ce daga mutuware aka kwaso gawawwaki aka ɗauki hoto don a baƙanta shi.

Mai wannan shafi ya fi karkata ga ɓangare na biyu a kan batun cin naman, ba don ya ga alheri a mutumin ba. Dalilin farko, gawa a ɗakin sanyi shaida ce ta kisa, ba shaidar ci ba, kuma mai kisa irin Bokassa yana da dalilai da yawa na ɓoye gawa. Na biyu, duk ginin ya tsaya ne a kan bakin kuku guda, a shari'ar da aka shafe wata shida ana yi, ana watsa ta a rediyo, tsofaffin ministoci da sojoji da matan waɗanda aka kashe suna zuwa suna faɗin abin da suka gani ba tsoro. Mutumin da ya shekara kusan goma sha huɗu a mulki, da kukai da barori da dogarai da mata barkatai, da wannan ce al'adarsa, da wuya a ce baki ɗaya kaɗai zai buɗe bayan ya faɗi. Na uku shi ne lokacin da labarin ya fito. Faransa ta shiga ƙasa mai 'yanci da sojoji ta sauya shugaba, tana buƙatar hujjar da za ta rufe bakin masu suka. Tana kuma buƙatar a manta da cewa ita ta biya kuɗin karaga, shugabanta Valéry Giscard d'Estaing kuma abokin farautar Bokassa ne. An ba da rahoton cewa sojojin Faransa sun kwashe takardu daga Berengo a kwanakin farko. Duk da haka asiri bai rufu ba, domin ranar 10 ga Oktoban 1979 jaridar Le Canard enchaîné ta fallasa cewa Giscard ya karɓi kyautar lu'ulu'u daga hannun Bokassa, abin da ya bi shi har ya sha kaye a zaɓen 1981. Idan aka ce abokinka mahaukaci ne mai cin mutane, kai ka zama wanda aka yaudara. Idan aka ce azzalumi ne da ka sani ka kuma ɗaure wa gindi shekara da shekaru, to kai ma sai ka amsa tambaya. Ba sai an faɗa wa mai karatu wanne ya fi yi wa Paris daɗi ba. Balle kuma tatsuniyar baƙar fata mai cin mutane tsohuwar haja ce a kasuwar Turai, ba ta taɓa kwantai ba.

Ɓarnar da labarin firjin ya yi ita ce ya danne na yaran. Tambayi mutum goma a Kano ko Maraɗi abin da suka sani game da Bokassa, wanda ya san shi zai ce mai cin naman mutane. Da wuya ka samu wanda zai ambaci Ngaragba. Abin da ba a tabbatar ba ya zama shi ne tarihi, wanda alƙalai biyar na Afirka suka bincika suka sa wa hannu kuma ya koma gefe. Har ma ya zame wa masu kare shi mafaka, domin da zarar sun rushe zancen cin nama sai su yi kamar sun rushe sauran.

Bokassa dai ya yi zaman gudun hijira a Kwaddibuwa, sannan a wani katafaren gida a Hardricourt kusa da Paris. An yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a 1980, amma a Oktoban 1986 ya hau jirgi ya dawo Bangui da ƙafarsa. Aka fara shari'a ranar 15 ga Disamba, lauyoyinsa har da Nicolas Tiangaye wanda daga baya ya zama firaminista. Ranar 12 ga Yunin 1987 kotu ta same shi da laifin kisan kai da tsare mutane ba bisa doka ba da wawure dukiyar ƙasa, ta yanke masa kisa, ba ta kama shi da cin naman mutum ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Janar André Kolingba, ya sassauta hukuncin, ya sake shi a 1993. Ya mutu a Bangui ranar 3 ga Nuwamban 1996.

A yau za ka ji dattawa a Bangui, har a Kilomita Biyar, suna cewa zamaninsa an ga kwalta da jami'a da filin jirgin sama, ɓarawo kuma yana tsoro. Ba ƙarya suka yi ba, jami'ar Bangui a 1969 aka kafa ta. Sai dai kewar tasu ta fi nuna lalacewar waɗanda suka biyo baya. A Disamban 2010 shugaban ƙasa na lokacin François Bozizé, wanda Bokassa ne ya ɗaga shi zuwa janar, ya sa hannu a dokar da ta wanke tsohon maigidansa.

Sauran labarin masu karatu sun sani. Ƙungiyar 'yan tawayen Seleka ta kori Bozizé a Maris na 2013, 'yan anti-balaka suka afka wa Bangui ranar 5 ga Disamba, Kilomita Biyar ta zama tsibirin da Musulmi ba sa iya fita daga cikinsa, Kiristoci dubbai kuma suka fake a harabar Carmel ta Bimbo. Maƙabartar Musulmi tana unguwar Boeing, cikin ƙasar Bimbo, dab da Kokoro, amma sama da shekara biyu ba a iya kai gawa can. Paparoma Francis ya shiga babban masallacin Kilomita Biyar ranar 30 ga Nuwamban 2015, sannan ranar 11 ga Fabrairun 2016 mutanen Boeing da na Kilomita Biyar suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da ta buɗe hanyar maƙabartar. Ranar 13 ga Janairun 2021 'yan tawayen da ke tare da Bozizé suka iso har PK9 kafin a mayar da su.

Gidan Kolongo ya zama kango. Babban titin da ya taso daga filin jirgin sama zuwa cikin gari sunansa Titin Shahidai, don tunawa da yaran 1979. Berengo kuwa ba wurin yawon buɗe ido ba ne yanzu. Kabarin Bokassa yana cikin harabar, amma tun 2018 Rashawa masu horar da sojojin ƙasar ne ke zaune a ciki, har iyalansa sun fito fili suna ƙorafin an hana su kai wa ga kabarin mahaifinsu.